Agogon Aurena Yana Ɗingishi

Ku da kuke ta cika min waya da saƙo, kuna tambayar abin da ya tsayar da maganar aurena da Mai Gilas, to yau ku gyara zama. Ba danginsa ne suka ƙi ni ba, ba nawa ne suka ƙi shi ba, kuma ba mu yi faɗa ba. Agogo ne ya tsayar da mu. E, agogon bango, mai lilo a ciki, wanda ba shi da baki balle ra'ayi.

Ga sababbin shigowa: ni ce auta a gidanmu, har sunan ya cinye na yanka. Babanmu gyaran agogo yake yi tun kafin ya auri Mama. Shagonsa a jikin gida yake, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa tsakar gida. In ka shiga ba ka ganin bango. Agogo ne ko'ina, manya da ƙanana, masu tsuntsu da masu ƙararrawa, kowanne yana nasa surutun, sai ka ji kamar ana yayyafi a kan kwano. A bakin ƙofa akwai ɗan kwando. Duk mai shiga sai ya ajiye wayarsa a ciki, komai girmansa. Baba ya ce waya ce ta kashe masa sana'a, ba zai bar makashiya ta shigo ta zauna cikin marayu ba.

To kun ga inda na je na ɗebo wa kaina: mai gyaran waya. Gilashin tawa ne ya fashe na kai masa, daga nan kuma sai wayar ta koyi lalacewa ba dalili. Shi ya sa nake kiransa Mai Gilas.

Abin mamaki, Baba bai ce a'a ba. Amma yana da wata doka da ya kafa wa kansa: duk 'yar da za ta bar gidansa, sai ya haɗa mata agogon bango da hannunsa, kuma ba ya sa ranar aure sai agogon ya daidaita. Yayyena duk da nasu suka tafi. Nawa ya fi na kowa kyau. Katakonsa ja ne mai duhu, fuskarsa fara, Baba ya zana ɗan jinjirin wata a saman sha biyu. Sai dai tun da aka rataye shi, wai ɗingishi yake yi.

Ga yadda Baba yake aunawa. Zai ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa na hagu, ya jingina kunne da jikin katakon, ya lumshe ido. Haka maigidan da ya koya masa aiki yake yi. Kullum yana alfahari, "Zuciyata ba ta taɓa yi min ƙarya ba. Agogo yana bin ta, ba ita ke bin agogo ba." Sai ya saurari nawa, ya girgiza kai, ya sauko da shi, ya warware shi gutsi-gutsi a kan farin ƙyalle. Ya mayar. Washegari kuma a sake.

Na ce, "Baba, ai lokacinsa daidai yake da na rediyo."

Ya ce, "Ba lokaci nake aunawa ba, taku nake aunawa. Gurgu ma yana isa kasuwa."

Daga nawa sai abin ya yaɗu. Wannan ma yana ɗingishi, wancan ma. Makwabcinmu tela ya kawo agogon hannu a canza masa maɗauri kawai, ya dawo ya tarar da hanjin agogon a cikin faranti. Na ce wa Baba ai ba zai yiwu duka su lalace lokaci guda ba. Ya dube ni ta saman gilashinsa na ido ɗaya, ya ce agogon da ke bango ɗaya koyi suke da juna, kamar yaran aji, ɗaya ya ɓaci sai ya ɓata saura.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ce ta fara faɗin abin da kowa ke ɓoyewa. Ta zo da rana, ta zauna a kujerar Mama, ta cire takalmi tana fifita da gefen mayafi.

"Ku daina rufa-rufa. Yaya kansa ne ya fara kwancewa, ba agogo ba. A ɗaura auren nan, a saya mata na batir a kasuwa."

Mama ta ce, "Ke kika iya faɗa masa. Ni shekarun da na yi da shi ban taɓa cin gardama ba."

"To ku zauna. Yarinya za ta yi furfura tana jiran katako. Shi kuma yaron, kuna tsammani babu masu kai masa waya gyara sai ita?"

Wannan maganar ta shige ni kamar tsinke. Na shiga ɗaki na kwanta rub da ciki a kan gado, na jawo waya. A saƙonninmu ni da Mai Gilas ba ma rubuta "Baba". Wani suna muka sa masa, Tsohuwar Ƙararrawa, saboda in ya fara faɗa sai ya buga adadinsa kafin ya tsaya.

Na rubuta: "Tsohuwar Ƙararrawa ta sake warware min agogo. Gwaggo ta ce ka kusa guduwa."

Ya amsa nan take: "In gudu in je ina? Wa zai riƙa fasa min gilas?"

"Da gaske nake. Ni tsoro nake ji. Jiya ya tsaya a tsakar gida ya dafa bango, ya ce ƙasa ce ta motsa. Kwanan nan ko kujera ya ɗaga sai haki."

Ina ganin alamar yana rubutu, ya goge, ya sake.

"Auta, da me yake auna agogon?"

"Da bugun hannunsa mana. Ban taɓa faɗa maka ba?"

Sai ga kira ya shigo. Muryarsa ba wasa a ciki. Ya ce mahaifiyarsa tana da ciwon zuciya, kuma wata nas da ke kawo masa gyara ta sa masa wata manhaja a waya. Kullum da safe tsohuwar tana ɗora yatsa a kan kyamara, fitilar ta kunna, wayar ta zana bugun zuciyarta, shi kuma ya tura wa asibiti. Dama shi mutum ne mai son irin waɗannan labarai. Ya sha ba ni labarin wayar da ke sauraron tari, da wadda ake ɗaukar hoton cikin fatar ido da ita a gane ko jini ya yi ƙasa. In yana faɗa idonsa har ƙyalli yake, kamar yaron da ya ga jirgi.

Ya ce, "Ni ba likita ba ne. Amma idan ma'aunin ne ke ɗingishi fa?"

Na ce, "Ko sunan asibiti ba ya so a ambata."

"Ki nema min izinin gaishe shi. Zan zo da wayar."

"Kai! Ka rufa min asiri. Ka shiga da waya shagon nan, wallahi magana ta mutu. Ka bari a ɗaura tukuna, sai mu lallaɓa shi."

"Ba za a ɗaura ba sai agogo ya daidaita. Agogo kuma ba zai daidaita ba sai an duba shi. Kuma ko ba aure, Auta, uba ne."

Na kashe wayar ina hawaye, rabi haushi, rabi wani abu da ban san sunansa ba.

Ranar da zai zo, na canza kaya har Mama ta ce ko ni ce za a gaisar. Na tsaya a kan doguwar riga ruwan toka mai ɗinkin zare a wuya, da mayafi ruwan hoda, da 'yan kunnen da ya taɓa cewa suna kama da digon ruwa. Gwaggo kuwa ba wanda ya gayyace ta, amma tun azahar ta iso, wai ta zo aron abin tace shayi.

Bayan la'asar ya yi sallama. Farar riga, an goge ta har tana iya yanka hannu. Ina leƙe ta labulen ƙofar tsakar gida, tire a hannuna. Na ga ya ciro wayar ya sa a kwando. Na sauke ajiyar zuciya. Ya durƙusa ya gaida Baba, Baba ya amsa ba tare da ya cire gilashin ido ba.

"Kai ne mai gyaran makashiya."

"Ni ne, Baba."

"Kana jin taku, ko sai abin da allo ya nuna maka?"

"Ina ɗan ji, Baba."

"Tashi ka saurari wancan."

Ya je ya kanga kunne a agogona. Ya daɗe. Na shigo da shayi na ajiye, na ƙi fita, na tsaya ina gyara kofunan da ba su karkace ba.

Ya ce, "Baba, ni dai daidai nake jin sa."

"Kunnen zamani," in ji Baba.

"Ko za ka yarda in ɗauko kayan aikina? Yana cikin kwando."

Cokali ya suɓuce min. Baba ya cire gilashin a hankali ya ajiye.

"In ka ɗauko ta, ka haɗa da takalmanka."

"Na yarda, Baba. Abu ɗaya za ta nuna maka. In ka ga ƙarya ne, zan tafi, kuma ba za ka sake ganin ƙafata a layin nan ba."

Jama'a, a gabana mutumin nan ya ɗora aurenmu a kan tebur kamar ba nawa a ciki. Na harare shi, bai ko kalle ni ba. Gwaggo ta banko labule ta shigo.

"Yaya, bar shi ya nuna mana. Ko tsoron abin da bai kai tafin hannu ba kake?"

Gwaggo ta san inda take taɓawa. Baba ya ce, "Tsoro? Ɗauko."

Mai Gilas bai nufi Baba da ita ba. Ya zauna a ƙasa, ya ɗora nasa yatsan a bayan wayar. Fitila ta kama. Sai kan yatsan ya yi ja, ja mai haske, kamar an kunna garwashi a cikin nama. Ban taɓa sanin haka jikin mutum yake da kyau daga ciki ba. A kan allon kuma wani zare ya fara tafiya, yana hawa yana sauka, tudu bayan tudu, kowanne tazararsa ɗaya da ɗan uwansa.

Baba ya matso da kujera. Bai san ya matso ba.

"Mene ne wannan?"

"Jini ne, Baba. Duk bugu ɗaya sai ya cika yatsa, hasken ya ɗan dushe, ya koma. Ido ba ya gani, amma kyamara tana gani. Shi take zanawa."

"Wato taku take rubutawa."

"Taku take rubutawa."

Baba ya mayar da gilashin idonsa, ya sunkuya a kan allon kamar an kawo masa agogon da bai taɓa buɗe irinsa ba. Ya ce a hankali, "Ikon Allah. Ba lilo, ba haƙori, ba mai."

Gwaggo ta miƙo yatsa tun ba a tambaye ta ba. Nata ma ya tafi daidai. Ta ce, "Kun gani? Duk hawan jinin da kuke sa min, zuciyata ta fi ta kowa tarbiyya." Aka sa nawa, tudun suka matsu suna gudu. Gwaggo ta ce, "Wannan ba ciwo ba ne, farar riga ce." Na ji kamar in shige cikin agogo.

Sai Baba ya goge yatsansa a jikin riga ya miƙa.

"Kawo. Yau za ku ga yadda ake taku."

Yatsan ya yi ja. Zaren ya fara. Tudu, tudu, sai fili. Sai uku a jere suna tuntuɓe da juna. Sai ƙarami. Sai fili mai tsawo, har na riƙe numfashi, sannan wani ya zo. Agogunan shagon kaɗai ke ta yayyafinsu. Da ta gama, wayar ta fito da rubutu a cikin akwati ruwan lemo. Baba ya ce in karanta. Na karanta: bugun ba daidai yake ba, a je a ga likita.

"Ta lalace," in ji Baba. "Sake."

Aka sake da wani yatsan. Haka. Aka sake da ɗaya hannun. Haka.

Na jira ƙararrawa ta fara bugawa. Ba ta buga ba. Baba ya miƙe, ya je gaban agogona, ya ce wa Mai Gilas, "Zo nan. Ba ni hannunka."

Ya kama wuyan hannun Mai Gilas da yatsu biyu, ya jingina kunne da jan katakon, ya lumshe ido. Ina kallon fuskarsa. Da farko a ɗaure take. Can sai na ga girarsa ta saki, leɓensa yana motsi yana bin lilon. Ya saki hannun, ya kama nasa, ya saurara. Ya sake kama na Mai Gilas. Sannan ya buɗe ido, ya shafa gefen agogon da tafin hannu, irin shafar da ake yi wa yaron da aka daka bisa kuskure.

Ya koma ya zauna. Ya ce, "Tashi ka tafi."

Mai Gilas ya miƙa hannu zai ɗauki wayar.

"Ita ka bar ta."

Haka ya fita, ya sa takalmansa, ko shayin bai sha ba. Ni kuma ban san ko an kore shi ne ko ba a kore shi ba. Ba ni da ma inda zan tura saƙo in tambaya, tunda lambar tana aljihun Baba.

Washegari da safe ina shara, sai ga Baba ya fito cikin kayansa na zuwa ɗaurin aure, har da turare. Ya ce, "Auta, ɗauko mayafinki. Za ki raka ni wajen masu gyara."

Mama ta saki tsintsiyar da ta karɓa a hannuna. Ta yi sauri ta miƙo min mayafin, don kada ya fasa.

A asibiti likitar mace ce, 'yar siririya mai saurin magana. Baba ya ciro wayar daga aljihu, an naɗe ta a farin ƙyallen da yake shimfiɗa wa agogo. Ashe da asuba ya sake gwadawa shi kaɗai, don sau ɗaya da ya ga yadda ake yi ya riƙe. Likita ta duba zanen, ta ce wannan ishara ce kawai, sai an tabbatar. Aka kwantar da shi, aka manna masa siraran igiyoyin awo a ƙirji, wata na'ura ta fitar da doguwar takarda. Baba ya karɓa kafin likita, ya bi ta da yatsa.

"Ga shi nan. Nan ya tsallake haƙori."

Ta yi dariya ta ce, "Baba, ka taɓa aikin asibiti ne?"

"Aikinmu ɗaya, 'yata. Naku dai ba a buɗe bayansa a ajiye a faranti."

Ta ce bugun zuciyarsa ne ya rikice, kuma irin wannan in an bar shi yana iya kawo shanyewar ɓarin jiki, amma akwai magani, kuma mun zo da wuri. Ta tambayi wanda ya yi dabarar gwada shi da waya. Na sunkuyar da kai. Baba ya ce, "Wani yaro ne." Bai ƙara ba.

Wani yaro! Haka na dawo gida da kalmar nan tana min yawo a kai.

Kwanaki suka wuce. Baba yana shan magani a kan lokaci, don wanda ke zaune cikin agogo ba ya da uzuri. Kowace safiya yana zama a bakin shago, yatsa a kan kyamara, yana kallon zaren kamar mai kallon kogi. Ya mayar wa tela agogonsa har gida. Kwandon bakin ƙofa yana nan, sai dai na ga Mama ta fara zuba zare da allura a ciki, bai kuma hana ba. Amma maganar aure, ko tari bai yi ba. Mai Gilas ya kira ni da wayar abokin aikinsa, ya ce, "Yaya jikin Baba?" Na ce da sauƙi. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ni kuma yaya nawa matsayin?" Na ce, "Kai wani yaro ne." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Jiya da hantsi ina ɗaki ina ninke kaya, wayata ta yi ƙara. Na duba. Saƙon murya ne, daga lambar Mai Gilas. Na ce ko an mayar masa da ita ne ban sani ba. Na danna.

Sai na ji yayyafin agogo, da numfashi kusa-kusa, da muryar da ban taɓa jin ta cikin waya ba tun da aka haife ni.

"To... ya fara ɗauka? Auta. Ke Auta. Agogonki lafiyarsa ƙalau, tun ranar farko ma lafiyarsa ƙalau. Na sa masa mai, na rufe bayansa. Ki faɗa wa yaron nan ya turo manyansa a sa rana. Wayarsa kuma ya sayi wata, wannan ta zama ta shago."

Na rungume filo na danne ihu. Na tashi zan ruga wajen Mama, sai wayar ta sake ƙara. Wani saƙon, gajere.

"Af, na manta. Na ga abin nan yana ajiye hira, kuma kin san yanzu ina da gilashi mai kyau. Ki zo shago yanzu, ki yi min bayanin wace ce Tsohuwar Ƙararrawa."